Rigar Sarki da Maho, Kambinsa da Bashi

Ranar Asabar, 6 ga Mayun 2023, ina shagon yayana tela, na je karɓar ɗinki. Yaron shago ya jingina waya da gwangwanin maɓallai, muna kallon yadda ake ɗora wa Sarki Charles na Ingila kambi a cocin Westminster da ke Landan. Yaya bai ɗauke ƙafa daga kan keke ba sai da aka yafa wa sarkin wata doguwar alkyabba mai ruwan zinariya. Nan ya tsaya, ya ce a miƙo masa wayar. Ya kai ta daf da ido kamar mai neman kafar allura, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wannan hannun mutum ne ya yi shi. Allah kaɗai ya san watannin da wani ya yi a sunkuye." Daga baya na gano cewa tun 1821 aka yi alkyabbar, domin naɗin Sarki George na Huɗu. Shekara 202 ke nan tana nan da kyanta.

Wani dattijo da ke jiran a kama masa bakin wando ya dube mu ya ce, "'Ya'yana, ina ruwanku da rigar sarkin wata ƙasa?" Yaya ya ce, "Baba, ai sana'a muke kallo." Ni ban tanka ba a ranar, amma tambayar ta zauna mini a rai, domin tambaya ce mai kyau.

Mutane da yawa suna ɗaukar labarin gidajen sarautar Turai a matsayin hirar cika lokaci: wace gimbiya ta sa me, wane yarima ke son dawaki. Ni ina ganin da ruwanmu. Sarakunan nan ba su da ikon mulki a yau, abin da ya rage musu shi ne su fito a gan su. Wanda aikinsa ya koma fitowa a gan shi kuwa, rigarsa da wasansa sun zama jawabin da yake yi wa jama'a, kuma jama'a suna da haƙƙin bin jawabin da tambaya. Hannun wa ya yi? Aljihun wa ya biya? Daga ina aka ɗauko? Wannan ta ƙarshen ita ce ta jawo mu ciki, mu 'ya'yan ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka.

Kafin yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, yatsun hannu ɗaya sun isa a ƙirga ƙasashen Turai da ba su da sarki: Faransa, Suwizalan, Potugal, sai 'yar mitsitsiyar San Marino. Tsakanin 1917 da 1918 manyan gidaje uku suka rushe, na Romanov a Rasha, na Hohenzollern a Jamus, da na Habsburg a Ostiriya. Italiya ta sallami nata sarkin da ƙuri'ar raba-gardama a 1946, Girka ta rufe babin nata a 1974. Yau ƙasashe bakwai ne ke da sarki: Birtaniya, Sifaniya, Holan, Beljiyam, Denmak, Nowe da Siwidin, sai ƙananan gidaje irin na Monako da Luksambag. Waɗanda suka tsira su ne suka gane cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya. Suka bar wa majalisa mulki, suka riƙe ado da martaba. Gidan Ingila har suna ya canza: a 1917, ana tsaka da yaƙi da Jamus, Sarki George na Biyar ya ajiye sunan gidansu na Jamusanci, Saxe-Coburg-Gotha, ya ɗauki Windsor.

Abin da yayana ya hango a wayar nan gaskiya ne, kuma da shi zan fara, domin shi ne gefen da nake girmamawa. Adon fada ya ciyar da masu sana'a ƙarni bayan ƙarni. Faransa ba ta wayi gari ta zama uwar kwalliyar duniya ba. Sarki Louis na 14 da wazirinsa Colbert ne suka zauna suka mai da ado masana'anta. A 1665 suka jawo ƙwararrun masu saƙar leshi da masu yin madubi daga birnin Banis na Italiya, don kuɗin Faransa su daina fita waje. Suka ƙarfafa masaƙan siliki na birnin Liyon, suka sa duk mai son kusantar sarki a fadar Basai sai ya yi shiga ta kece raini da yadin gida. Bayan shekara kusan 200, matar Sarki Napoleon na Uku, Eugénie, ta ɗauki wani tela ɗan Ingila mai suna Charles Worth, wanda ya buɗe shago a Faris a 1858, ta mai da shi telan da duk matan manya ke layi a ƙofarsa. Louis Vuitton da ake rububin jakunkunansa yau, aikinsa a lokacin shi ne yi wa wannan matar akwatuna da shirya mata kaya in za ta yi tafiya.

Labarin da ya fi taɓa ni a wannan fanni na Sarauniya Biktoriya ne. Ranar 10 ga Fabrairun 1840 ta auri Yarima Albert, tana da shekara 20. Al'adar matan sarauta ita ce su fito cikin yadi mai zaren azurfa ko zinariya. Ita ta zaɓi farin siliki da aka saƙa a unguwar Spitalfields ta Landan, aka yi masa ado da leshin hannu na Honiton daga yankin Devon. A lokacin, matan ƙauyukan da ke saƙa wannan leshi suna cikin matsi, domin leshin inji ya shigo kasuwa da arha yana kashe musu sana'a. Rigar amarya guda ta sa idon masu kuɗi ya koma kansu. Ba ita ce mace ta farko da ta yi aure cikin farar riga ba, amma daga kanta abin ya zama yayi, ya bazu a Turai da Amurka, ya bi jirgin ruwa da majigi da talabijin har ya iso mana. Doguwar farar rigar nan mai mayafi da amarenmu ke sawa a daren dina a Kano ko Kaduna ko Maradi, in aka bi zarenta, a jikin Biktoriya zai tsaya. Sai dai ita ta sa ne don ta raya masaƙan ƙasarta, mu kuma sau da yawa daga waje muke sayo tamu.

Amma rigar da ke ciyar da masaƙi tana iya cin mai ita. Marie Antoinette, 'yar gidan sarautar Ostiriya da aka aurar wa Louis na 16, ta shahara da kashe kuɗi wajen telarta, Rose Bertin, a daidai lokacin da baitulmalin Faransa ya ƙafe, talaka yana neman burodi. Mutanen Faris suka laƙaba mata sunan da ke nufin uwar giɓin kasafi. A 1783 ta gwada sauƙaƙa shiga, aka zana hotonta cikin farar rigar auduga shara-shara. Aka ce sarauniya ta fito da rigar barci, aka kuma zarge ta da karya masaƙan silikin Liyon, har sai da aka sauke hoton aka maye shi da wani mai rigar siliki. A 1785 wasu 'yan damfara suka yi amfani da sunanta suka karɓe wata sarƙar daimon mai tsadar gaske. Ba ta saya ba, ba ta taɓa rataya ta a wuya ba, amma jama'a suka ƙi yarda, domin sun riga sun yanke mata hukunci a zuci. Ranar 16 ga Oktoban 1793 aka fille mata kai. Ba sarƙa ce ta haddasa juyin juya halin Faransa ba, yunwa da bashi da haraji marar adalci ne. Sai dai talaka ba ya ganin littafin kasafi, riga yake gani.

Gidan Ingila ya karanta wannan darasi da kyau. Da Gimbiya Elizabeth za ta yi aure a Nuwamban 1947, Birtaniya ba ta gama farfaɗowa daga yaƙi ba, tufafi ma da katin rabo ake sayensu. Da irin wannan kati aka sayi yadin rigarta, gwamnati ta ƙara mata guda 200. Mata daga sassan ƙasar suka riƙa aiko mata da nasu ta gidan waya, aka mayar wa kowacce da nata, domin doka ta hana a ba wani. Rigar da Norman Hartnell ya ɗinka ta fito da kyau ƙwarai, amma abin da mutane suka riƙe shi ne 'yar sarki ma ta bi layin da kowa ke bi.

Haka abin yake a wajen wasannin nishaɗi. Louis na 16 mutum ne mai son farauta da ƙera kwaɗo da makulli. Ranar 14 ga Yulin 1789, ranar da jama'a suka fasa kurkukun Bastil, kalma ɗaya ya rubuta a littafinsa: babu. Masana tarihi sun ce littafin farauta ne, nufinsa bai yi farauta ba a ranar, kuma na yarda da su. Amma sarkin da ke auna kwanakinsa da yawan barewar da ya harba ya riga ya yi nisa da mutanensa.

A zamaninmu an ga irin wannan a Sifaniya. Sarki Juan Carlos yana da farin jini na gaske, domin shi ya raka ƙasar daga mulkin kama-karyar Franco zuwa dimokuraɗiyya, kuma a Fabrairun 1981 ya fito a talabijin cikin kakin soja ya yi tir da masu yunƙurin juyin mulki. A Afrilun 2012, lokacin da kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu iya aiki a Sifaniya ke zaune babu aikin yi, sai aka ji an ɗauko shi a jirgi daga Botsuwana da karaya a ƙugu. Farautar giwa ya je, a ɓoye, kuma shi ne shugaban girmamawa na reshen ƙungiyar kare namun daji ta WWF a ƙasarsa. Ya fito daga asibiti ya ba da haƙuri, ƙungiyar ta tuɓe shi, a Yunin 2014 ya yi murabus, a Agustan 2020 ya bar ƙasar zuwa Abu Dabi ana binciken dukiyarsa. Mutuncin da ya yi shekara fiye da 30 yana ginawa, a dajin Botsuwana ya fara zubewa.

Ka ɗora wannan kusa da Sarki Olav na Nowe. A 1973, da rikicin man fetur ya sa gwamnati ta hana tuƙa mota a ƙarshen mako, sarkin yana son zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara a bayan birnin Oslo. Da ya ga dama da an ba shi izini na musamman. Sai ya saɓa kayan wasansa ya shiga jirgin ƙasan cikin gari, ya zauna cikin fasinjoji. Akwai hotonsa yana miƙa wa kwandasta kuɗin tikiti, kuma har yau mutanen Nowe suna ji da hoton nan. Sarauniya Margrethe ta Denmak, wadda ta yi murabus a Janairun 2024 bayan shekara 52 a karaga, mai zane ce, ta sha tsara wa 'yan rawa da 'yan wasan daɓe kayan sawa da hannunta. Sarki Willem-Alexander na Holan ya bayyana a 2017 cewa ya yi shekara 21 yana tuƙa jiragen fasinja na kamfanin KLM a matsayin mataimakin matuƙi, yawancin fasinjojin ba su san wanda ke gaba ba. Ita kuwa Sarauniya Elizabeth, mahaifiyar Charles, dawaki ne zuciyarta. Duk wanda ya ga fuskarta a 2013, ranar da goɗiyarta mai suna Estimate ta ci Kofin Zinariya a tseren Ascot, ya ga tsohuwa 'yar shekara 87 tana murna kamar yarinya. Ina jin shi ya sa da ta zo Najeriya a 1956, aka tara mata sarakunan Arewa da dubban dawaki a hawan daba na Kaduna, an taɓa ta a inda take so.

Yanzu yayin da ake yi a fadojin Turai shi ne tattali, kuma ina son sa har zuciyata. Sarki Charles ya shahara da sa kwat mai maho da takalman da aka sha yi wa faci, wasu sun shekara goma-goma a ƙafarsa. A 2010 ya ƙaddamar da gangamin farfaɗo da ulu, lokacin da kuɗin da makiyayi ke samu daga gashin tunkiya ba ya biyan ladan mai sausaya. Ƙanwarsa Gimbiya Anne takan fito da rigar da aka gan ta da ita shekara 30 baya. Sarauniya Letizia ta Sifaniya tana sa kayan Zara da Mango, waɗanda ma'aikaciyar ofis ma ke iya saya. Máxima ta Holan ta taɓa zuwa taro a 2009 da rigar da aka ɗinka da tsohon buhun gidan waya. A Birtaniya akwai ɗaruruwan kamfanoni da masu sana'a da ke riƙe da takardar shaidar cewa fada na sayen kayansu, daga masu takalmi zuwa masu sirdi, kuma wannan tambari yana kawo musu ciniki. A duniyar da ake sayen riga yau a jefar gobe, ganin sarki da maho a gwiwar hannu abu ne mai amfani. Ni ƙanen tela ne, na san darajar mai gyara.

Sai dai a nan ne nake rabuwa da masu yabo. Maho a riga ba ya biyan bashin da ke kan kambi.

A ranar da muke kallo a shagon Yaya, sandar sarautar da aka damƙa wa Charles a hannun dama tana ɗauke da daimon mai nauyin karat 530. Kambin da ya fito da shi daga cocin yana ɗauke da ɗan'uwansa mai karat 317. Duka biyun daga dutse ɗaya aka yanko su, dutsen Cullinan, wanda aka haƙo a Janairun 1905 a wata mahaƙa kusa da Firitoriya a Afirka ta Kudu, yana da karat 3,106. Gwamnatin Transvaal, yankin da mahaƙar take, ta saye shi ta ba Sarki Edward na Bakwai a 1907. Masu kare fada suna cewa ai kyauta ce, saya aka yi, ba a ƙwata ba. To, wa ya yi kyautar? Gwamnatin Turawa 'yan tsiraru ce, a ƙasar da baƙar fata ba su da ƙuri'a, su ne kuma ke shiga rami suna haƙa a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Wanda ya yi kyauta da kayan da ba a tambayi masu shi ba, ban san sunan da za a ba wannan kyautar ba.

Na Indiya ya fi wannan fitowa fili. Daimon ɗin Koh-i-Noor ya shiga hannun Ingila a 1849, bayan an ci daular Punjab da yaƙi, aka sa sarkinta Duleep Singh, yaro ɗan shekara 10, ya sa hannu a yarjejeniyar da ta ce a miƙa dutsen ga Sarauniya Biktoriya. Biktoriyar nan dai da na yaba a kan leshin Devon. A 1852 aka sake yanke shi don ya dace da irin ƙyallin da Turawa ke so, ya ragu daga karat 186 zuwa kusan 106. Fada ta san dutsen nan ƙaya ne. Shi ya sa a naɗin 2023 ba a sa shi a kambin Sarauniya Camilla ba. Aka ɗauko tsohon kambin Sarauniya Mary na 1911, aka ce an yi haka ne don tattali, sannan aka jera masa wasu gutsattsarin Cullinan guda uku. Wato an kauce wa fushin Indiya da dutsen Afirka. Bikin kuma, bisa lissafin gwamnatin Birtaniya kanta, ya ci fam miliyan 72 na masu biyan haraji, a shekarar da tsadar rayuwa ta sa iyalai da yawa zuwa gidajen rabon abinci. Birtaniya ce kaɗai ta rage a Turai tana irin wannan biki. Da Frederik na Denmak ya gaji mahaifiyarsa, firayim minista ce ta tsaya a barandar majalisa ta shelanta shi, ba a ɗora masa komai a ka ba.

Na san maganar mayarwa ba ta da sauƙi. Koh-i-Noor kaɗai, Indiya da Pakistan da Afganistan da Iran duk sun ce nasu ne. Kayan kambin ma ba dukiyar Charles ba ce ta ƙashin kansa da zai ɗauka ya bayar, amana ce ta karaga. Amma wahalar gano wanda za a biya ba ta mai da bashi kyauta. Kuma akwai abin da sarki ke iya yi da bakinsa ba sai majalisa ta zauna ba, an gani a Holan. Gidan sarautarsu yana da wani keken doki na zinariya da mutanen Amsterdam suka ba Sarauniya Wilhelmina a 1898. A jikinsa akwai zanen baƙaƙen mutane da 'yan Indunusiya, rabinsu ba riga, suna durƙushe suna miƙa kayan ƙasarsu ga wata Baturiya a karaga. A Janairun 2022 Willem-Alexander ya ce ya daina hawansa. A 2023 wani bincike ya nuna cewa kakanninsa sun samu abin da ya haura yuro miliyan 500 a kuɗin yau daga ƙasashen da suka mallaka, kuma ranar 1 ga Yulin shekarar ya tsaya a gaban jikokin bayi a Amsterdam ya nemi gafara da bakinsa. Sarki Philippe na Beljiyam, wanda ɗan'uwan kakan kakansa Leopold na Biyu ya mai da Kwango gonarsa daga 1885 zuwa 1908, ana yanke wa mutane hannu a kan roba, ya tsaya a kan nuna nadama a 2020, bai kai ga neman gafara ba. Charles ma da ya je Kenya a ƙarshen Oktoban 2023, baƙin ciki da nadama ya ambata, ya tsaya nan.

Abin da nake so daga gidan Windsor bai fi ƙarfinsu ba. Su daina fitowa da duwatsun nan a ka da hannu, kamar yadda Holan ta jingine kekenta. Su faɗi yadda aka same su da kalmomin da ba a shafa wa mai ba. Sannan su zauna da ƙasashen da abin ya shafa a yi maganar inda ya kamata su kwana. Mutumin da ya san ciwon makiyayin da ulunsa ya rasa kasuwa, ya san darajar dattijon da ke yi masa facin takalmi, ba zai ce bai san hannun da ya haƙo dutsen da ke kan sandarsa ba.

Bayan bikin, an mayar da sandar da kambin Hasumiyar Landan, inda suke zaune a cikin gilashi. 'Yan Afirka ta Kudu sun sa hannu a takardun koke a intanet suna neman a dawo musu da dutsensu. A yanzu dai, jikan mahaƙin da ke son ganinsa sai ya nemi bizar Birtaniya, ya sayi tikitin jirgi, ya biya fiye da fam 30 a ƙofa, sannan ya hau wani dandamali mai tafiya da kansa wanda ke wucewa da 'yan kallo ta gaban gilashin don kada layi ya tsaya.